Hannun Da Na Hana Aiki

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da aikin katako a makarantun gwamnati. Na fara ina ƙaramin malami, na gama ina shugaban sashe, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa rubuto mini takardar tuhuma ba. Da na ajiye aiki na dawo gida Gwarzo, ban ga dalilin zama a dakali ina kallon motoci ba, alhali idona yana gani, hannuna kuma bai fara rawa ba. Sai na kafa rumfar kwano a bakin hanyar da ta nufi Kabo, na haɗa benci huɗu da hannuna, na rataye zarto da guduma da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, kowanne a ƙusarsa, na shaida wa masu unguwanni cewa duk mai ɗan da yake son sana'a ya kawo shi.

Kawo yaro koyon sana'a abu ne mai sauƙi a ƙasarmu. Riƙe shi har ya kai ranar yaye shi ne aikin. Na daɗe ina lura da abubuwan da ke korar masu koyo, har na ɗauka na san su duka. Akwai damina: ruwa yana sauka uba zai aiko a ce yaro ya zo shuka, daga shuka sai noma, sai maimai, sai girbi, kafin a ɗaure gero ya manta hanyar shago. Akwai yunwar rana ga wanda ya taso daga ƙauye da ɗan koko a cikinsa. Akwai abokin da ya hau acaba jiya, yau ya zo yana latsa sabuwar waya a gabansa. Akwai kuma halin waɗansu iyayen gida, masu sa yaro shara da aike da ɗebo ruwa shekara guda cur kafin su bar shi ya taɓa kayan aiki.

Kowanne na yi masa tanadi gwargwadon hali. Da damina nakan raba mako, kwana uku a gona, kwana uku a shago, kuma ni da kaina nake zuwa in daidaita da iyaye. Mai ɗakina ta ɗauki nauyin tukunyar rana, yau shinkafa da wake, gobe dambu. Kafin wata ya cika kowane sabon zuwa sai ya haɗa 'yar kujera ya kai wa mahaifiyarsa, domin a gida ma a ga abin da ake zuwa yi. Shara kuwa kowa yana yi, har da ni. Da wannan tsari, waɗanda suka bar rumfata ba tare da yaye ba 'yan kaɗan ne. Na yi alfahari da haka, kuma har yau ban ga laifin wannan alfahari ba.

Ina da wata al'ada ta ranar farko, wadda na gado daga malaman da suka koyar da ni tun ina saurayi. Nakan tsayar da sabon mai koyo a gaban benci, in gyara masa tsayuwa da hannuna: ƙafar hagu gaba, ta dama baya, hannun hagu ya danne katako, na dama ya riƙe zarto, ɗan yatsa manuni a miƙe a jikin mariƙi. Sa'an nan in ce masa: "A rumfar nan da dama ake karɓa, da dama ake bayarwa, da dama ake aiki." Haka aka faɗa mini, haka na faɗa wa ɗaruruwa, ban taɓa tsayawa na auna maganar ba.

Saurayin da zan ba da labarinsa daga Kutama yake. Kakarsa ce ta kawo shi, tsohuwa doguwa marar jiki, daga gidan makiyaya da suka daɗe da zama wuri ɗaya suna noma suna kiwo. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, a hannunta ya girma. Shekarunsa sun kai goma sha tara a lokacin. Bayan mun gaisa ta ce: "Malam, ga mijin nawa na kawo maka. Shanun sun ragu, gonar kuma ta 'yan'uwa da yawa ce. A koya masa abin da zai riƙe ni da shi." Na ce to. Da ta tafi na nuna masa zarto a kan benci na ce ya ɗauka ya gwada yanka. Ya durƙusa ya ɗauka da dama kamar yadda ɗan mutunci yake yi, amma da ya zo yanka sai ya mayar da zarton hannun hagu. Na ɗauka rashin sani ne irin na wanda bai taɓa riƙe zarto ba. Na zare shi daga hannunsa, na sa masa a dama, na gyara masa ƙafafu, na karanta masa dokar rumfa. Ya ce, "To, Baba."

Ban taɓa samun mai koyo mai kai irin nasa ba. Awo sau ɗaya ake nuna masa. Yakan kalli ƙofa daga nesa ya ce ta karkace, a ɗora sukwaya a tarar haka ne. Kullum shi ne farkon zuwa, da kekensa daga Kutama, ko da an kwana ana ruwa. Amma hannunsa ya ƙi. Zarto yana hannunsa sai ya bar layin fensir ya yi nasa wuri. Ƙusa uku cikin biyar sai sun lanƙwashe. Katako ba arha gare shi ba, saboda haka a hankali na janye shi daga yanka na mayar da shi gugar sanfefa da shafa gam da riƙe wa waɗansu. Shekara biyu aka yi haka. Waɗanda suka zo bayansa suka haɗa tebur, suka haɗa gado, shi yana nan da sanfefa. A raina na riga na yanke masa hukuncin da na sha yanke wa ɗalibai a makaranta: kai akwai, hannu babu.

Maƙwabcin rumfata tela ne, tsoho kamata, tare muka shiga elementare. Hedimasta yake kirana ko da yake ban taɓa riƙe wannan muƙami ba, ni kuma ina ce masa mai allura. Wata rana ya leƙo ya ce, "Hedimasta, ka duba hannun ɗan Kutaman nan da kyau kuwa?" Na ce masa ya tsaya a kan zarensa, katako ba yadi ba ne. Ya yi dariya ya koma kan kekensa.

Abin ya faru ne gab da faɗuwar damina ta uku. Wani Alhaji daga Kabo, tsohon ma'aikaci da muka san juna, ya zo duba ƙofar zaure da muke haɗa masa. Ina tsaye ina nuna masa yadda aka haɗa kusurwa, sai na ga kan wata ƙusa ya ɗan fito. Na ce a miƙo guduma. Ɗan Kutama yana tallafe da ƙofar da hannun dama, sai ya ɗauko gudumar da hagu ya miƙo mini. Ban karɓa ba. Na bar hannunsa a miƙe har kowa ya juyo. Sa'an nan na ce: "Ashe a gidanku ba a koya maka hannun da ake miƙa wa babba abu da shi ba? Na dama bai iya aiki ba, na hagu kuma bai san ladabi ba." Sauran masu koyo suka yi dariya, Alhaji ya ce a yi haƙuri yaro ne. Shi kuwa ya jingine ƙofar, ya durƙusa, ya miƙo gudumar da hannu biyu.

A makon da ya biyo ruwa ya sauka. Ya tafi kwana ukunsa na gona, bai dawo ba.

A al'adar sana'a, ubangida ba ya bin wanda ya bar shi. Idan mai koyo ya tafi ba sallama, shi ne zai nemo babba daga gidansu, a zo a durƙusa a ba da haƙuri, ubangida ya yi 'yar nasiha ya ce ya shiga ya kama aiki. Na san wannan al'ada, na yarda da ita, na zauna ina jira. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi maimai, gero ya fid da kai, ba shi ba kakarsa. Mai ɗakina ta yi makonni tana zuba kwanonsa kafin ta daina. Na gaya wa kaina cewa wannan ba ya cikin waɗanda tsarina ya kasa riƙewa, domin wanda hannunsa ya ƙi, tafiyarsa ma hutu ce gare shi.

Ana cikin girbi tela ya ce mini wani mai ɗinki daga Kutama ya ba shi labari. Ɗan kawun yaron, mai turin baro a wata kasuwa a kudu, ya zo gida, kuma da an gama ɗaure gero za su tafi tare. "Shekara biyu ke nan ta tafi a banza," in ji tela. Na ce kowa da rabonsa. Ya ce, "Haka ne, Hedimasta. Rabon wani ma a hannun wani yake maƙalewa."

A wannan makon na je kasuwar Getso sayen waken tukunyar rana. Ina ratsawa ta layin masu kayan noma, sai idona ya sauka a kan wata karkiya ta shanun huɗa, da ƙotocin fartanya guda shida a jere. Wanda ya yi shekara hamsin da katako ba ya wuce aiki mai kyau bai tsaya ba. Karkiyar an sassaƙa ta daidai wuyan sa, gefen dama da na hagu ba wanda ya fi wani ko da faɗin farce, ramukan igiya a miƙe kamar an huda da inji. Na tambayi mai kayan wa yake yi masa.

Ya ce, "Wani saurayi ne a Kutama, Baba. An ce ya yi shekara biyu a wajen wani tsohon malami a Gwarzo, mai faɗan tsiya."

Na ce, "Mai faɗa ne?"

Ya ce, "Haka dai aka ce. Amma ka ga ai ya koyar."

Ban gaya masa ko ni wane ne ba. Na ɗauki ƙota ɗaya na juya ta a rana. Gizago, wato ɗan gatarin da masassaƙa suke fere itace da shi, yana barin sawu a jikin aiki, kuma sawun yana karkata ne gwargwadon hannun da ya yi saran. Na ga sawun gizago dubbai a rayuwata, kusan duka sun kwanta gefe ɗaya. Waɗannan sun kwanta ɗaya gefen. Na tsaya a tsakiyar kasuwa da ƙota a hannu, sai ranar farko ta dawo mini sarai: zarto a hannun hagu, ni kuma ina zare shi.

Na sayi ƙotar, na manta da waken. Da na iso ban shiga rumfata ba, na wuce wajen tela na ajiye ta a kan teburinsa.

Na ce, "Yaron nan bahago ne."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Sai yau?"

"Ka sani ke nan?"

"Tun makon farko. In ka tafi alwala yakan ɗauki guntun katako ya gwada da hagu, yana jin takunka ya ajiye. Na ce ka duba hannunsa, ka ce in tsaya a kan zarena. To na tsaya."

Na ce ai sai ya fito fili ya faɗa mini.

Ya ce, "A faɗa maka? Kai da ko liman ya ja sura sai ka gyara masa tsayuwa? Zo nan, Hedimasta. Shekara sittin muna tare. Da wane hannu nake yanka yadi?"

Na buɗe baki zan ce dama, sai na ga almakashin yana hannunsa na hagu, ya kuma ci gaba da yankansa, zar, a kan layin alli.

Ya ce, "Ka tuna malaminmu na aji ɗaya da rularsa? Kullum ni yake buga wa yatsu. Kai kana gaba kana karɓar yabo, ba ka taɓa tambayar laifina ba. Rubutu na koma yi da dama, ci da dama, gaisuwa da dama. Amma ranar da aka ba ni almakashi, wanda ya koya mini ɗinki ya kalle ni ya kau da kai. Shi ya sa yau nake ɗinka maka riga kana ƙorafin wuya ya matse."

Rular na tuna ta. Dalilinta ne ban taɓa sani ba.

A jikin kowane bencin kafinta akwai ƙarfen matsi, wanda yake riƙe katako a lokacin yanka da gyaran fuska. Ana ɗaura shi a ƙarshen benci ta hagu, domin mai aiki da dama ya sami sarari. Washegari da safe na kwance na benci na huɗu, na huda sababbin ramuka, na mayar da shi ƙarshen dama. Masu koyo suka tsaya suna kallo. Na ɗauki zarto ɗaya mai kaifi da guntun katako, na ja layi uku a kan katakon da fensir da sukwaya, na naɗe su a buhu. Na sa rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na tsayar da ɗan acaba na ce Kutama. A hanya na shirya a raina cewa gaisuwar kaka na je yi, domin har lokacin ban yarda a ce na bi mai koyo gida ba.

Na tarar da tsohuwar a ƙofar gida a kan tabarma tana ɓarar wake, ga shanu biyu a turke, ga dammunan gero an jingine. Muka gaisa: gajiya, iyali, ya aka ji da aiki, ya amfanin gona, ya dabbobi. Ta sa aka kawo mini fura da nono. Sai da na sha ta ce: "Yau Malam da kansa? Ko hanya ce ta ɓace maka?"

Na ce, "Inna, na zo gaisuwa ne. Na kuma ga shiru, ba a zo ba."

Ta ce, "A zo yin me?"

Na ce kamar yadda aka saba, idan yaro ya bar wajen koyo.

Ta ajiye ƙwaryar waken. "Ban haƙuri kake nufi. Malam, an ce a gidanmu ba a koyar da ladabi. To gidan ni ce. Ni na ɗaure masa hannun nan da tsumma yana ɗan shekara uku har ya iya cin tuwo da dama. Ni na koya masa durƙuso. In zo in ba da haƙurin me? In ce a yafe mini ban iya reno ba?"

Ba a saba yi mini magana haka ba, amma ban sami inda ta kauce ba. Na ce, "Maganar da na faɗa ba daidai ba ce. Na janye ta."

Ta ce, "A gaban mutane ka faɗa, a gaban shanu za ka janye?"

Na ce idan ya dawo zan janye ta a inda na faɗe ta, a gaban waɗanda suka ji.

Ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta. "Angon nawa yana bayan gida. Amma ka sani jibi motarsu za ta tashi, har ya wanke kayansa. Ni ba zan ce ya tafi ba, ba zan ce ya zauna ba. Na gaji da ɗaure masa hannu."

Na same shi a gindin darbejiya, ya dafe itace da dama yana sara da hagu, ɓawon yana tashi a tsare kamar ana fere rogo. Yana ganina ya yi sauri ya mayar da gizagon hannun dama, ya durƙusa. Wannan sauyin hannu da ya yi ya fi duk maganar kakarsa yi mini nauyi.

Na ce, "Mayar da shi inda yake."

Bayan mun gaisa na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mini tun farko cewa shi bahago ne.

Ya ce, "Baba, kai ka cire zarton daga hannuna. Ni wane ne da zan ce maka ba haka ba? Na ɗauka in na daure hannun zai saba, kamar yadda ya saba da cin abinci."

"Da bai saba ba fa?"

"Sai na ɗauka ni ne ba ni da rabo. Shekara biyu ina sanfefa, Baba. Waɗanda na nuna wa yadda ake karanta awo sun haɗa gado. Gara in je inda ba a san ni ba in tura baro."

Na kwance buhun, na ɗora katakon a kan kututturen da yake aiki, na miƙa masa zarton. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya yana kallona. Na ce ya riƙe da hannun da ya ga dama. Ya sa ƙafar dama gaba, ya danne katakon da dama, ya ɗora zarton da hagu. Layin farko ya ɗan kauce a ƙarshe, domin zarto ba gizago ba ne. Na biyu ya fi. Na uku ya bi fensir tun daga sama har ƙasa. Na ɗora sukwaya a kai, na ɗaga wajen rana, haske bai ratsa ba. Na miƙa masa ya duba da idonsa.

Ban roƙe shi ba, ban kuma yi masa alkawarin abin da ban tabbatar ba. Na gaya masa cewa ba zai yi yaye tare da 'yan ajinsa ba, domin hannun hagu zai faro yanka da haɗi daga tushe, kuma hakan zai ci shekara ko fiye. Na gaya masa ci da gaisuwa da miƙa wa babba abu suna nan a dama, wannan ban janye ba, amma kayan aiki ya riƙe da hannun da Allah ya ba shi. Na ƙare da cewa: "Na mayar da ƙarfen matsin benci na huɗu ɗaya gefen. Yanzu ba mai iya aiki a kansa a rumfar nan sai kai. In ka tafi sai in sake kwance shi, ni kuma bayana ba ya son sunkuyo."

Ya yi ɗan murmushi bai ɗago ba. Ya ce zai yi shawara. Na bar masa zarton na tafi.

Jibin ya zo ya wuce ban ji kome ba. Na yi kwana biyu ina kewaya benci na huɗu, tela yana tambayata ko ya kawo mini maganin ciwon baya. A rana ta uku da hantsi sai ga keke, shi yana turawa, kakarsa tana biye da sandarta, ta sauko daga acaba a bakin hanya. Ta ce ta zo ganin janyewa. Na aika aka kira tela. Alhajin Kabo na buga masa waya na sa a amsa-kuwwa, domin shi ma ya ji ta farko. Na tsaya a inda na tsaya ranar, na ce a gaban kowa: maganar da na faɗa a kan gidan su wannan saurayi kuskure ce, gidan tarbiyya ne, kuma hannun da na ce bai iya aiki ba ni ne na sa shi aikin da ba nasa ba. Sai a lokacin tsohuwar ta ce, "To Malam, a yi haƙuri da tafiyar da ya yi ba sallama." Shi kuma ya durƙusa. Tela ya ce da ya sani da ya zo da mai ɗaukar hoto, domin wannan ba za a sake gani ba.

Koyar da shi bai zo da sauƙi ba. Ni ban iya nuna kome da hagu ba. Na gwada sau ɗaya zarton ya kusa cin yatsana. Dabarar da muka samu ita ce in tsaya a ɗaya gefen bencin ina fuskantarsa, in yi da dama shi ya kwaikwaya da hagu, kamar mai duba madubi. Waɗansu kayan aikin ma an ƙera su ne domin mai dama, sai da ya nemo yadda zai bi da su da kansa. Ɗan kawunsa ya dawo da salla da sabon babur, na ga yadda yaron ya bi shi da kallo. Wata goma sha huɗu muka yi kafin in yaye shi. Aikin gwajinsa ƙofar zaure ce, kuma ban sami kan ƙusa ko ɗaya da ya fito ba. Yau yana da rumfarsa a Kabo, yana yin ƙofofi da gadaje, da damina kuma manoma suna bin sa da neman karkiya. Kakarsa ta rayu har ta kwanta a gadon da ya haɗa mata.

Wani lokaci nakan tuna ɗaliban makaranta da na rubuta wa cewa suna da kai ba su da hannu. Fuskoki uku ko huɗu suna zuwar mini, har da wani da ya bar sashen a tsakiyar shekara ya koma gida. Ban san ko bahagwai ba ne, kuma babu hanyar da zan sani yanzu.

Al'adar ranar farko na sauya ta, amma tambaya ba ta wadatar ba, domin duk yaron da aka yi wa tarbiyya a ƙasar nan in babba ya tambaye shi zai ce dama, in an miƙa masa abu zai karɓa da dama. Abin da nake yi yanzu shi ne in kafa ƙusa rabi a jikin guntun katako, in ajiye guduma a tsakiyar benci, in ce wa sabon zuwa ya ƙarasa ta kafin in dawo. Sai in shiga wajen tela in zauna a inda ba ya ganina, mu biyu muna leƙe ta tsakanin yadukan da aka rataye. Tun daga lokacin mun ga bahagwai biyu. Benci na huɗu ban sake kwance shi ba.